Mutum-mutumi da Gizo a Ajin Turanci

Ran nan da la'asar muna zaune a gindin dogon yaro bayan ɗakin karatu, sai wani ɗan ajinmu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Duba nan ka ga wanda zai karɓe mana aiki tun ba mu kama ba." Da na duba sai na ga wani ɗan mutum-mutumi fari a tsaye bisa tebur, yana ɗaga hannu yana yi wa waɗansu 'yan yara Turanci, su kuwa suna amsa masa. Muka yi dariya muka watse. Amma ni abin bai sake ni ba, gama a lokacin saura mako 3 in tafi gwajin koyarwa, an kuwa gaya mini aji 1 za a ba ni, ni ko ba abin da na ke tsoro kamar darasin Turanci a aji 1. Saboda haka na nemi labarin wannan abu har na gane kansa. Abin da na samo, da abin da na yi da shi a aji, shi na ke so in shimfiɗa wa 'yan'uwana ɗalibai, in da kuskure malamanmu su gyara.

Bari mu fara da yaron da za mu koya wa. Yaron Gashuwa kafin ya shekara 6 galibi ya riga ya ji harshe biyu. A gida ana yi masa Badanci, ko Barbarci, ko Fulatanci, a bakin kasuwa da dandali kuwa Hausa. Ba wanda ya zaunar da shi da alli da bulala ya koya masa Hausar nan. Wurin aike ya tsince ta, da wurin langa, da wurin faɗa da abokai. In yana zuwa makarantar allo, ga Larabci kuma yana shiga kunnensa safe da yamma. To, ya zo hannunmu, sai mu ɗora masa Turanci, harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, sai a bakin malam, rabin sa'a a rana, cikin yara saba'in ko fi.

Tun 1977 tsarin ilmi na ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen gidansu, ko na garin da ya ke zaune, a farkon furamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙara tsawon abin, ta ce har aji 6. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwa an soke wannan, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa. Ni ɗalibi ne, ba ni zan yanke wa manya hukunci ba. Amma kowa ya san wanda kayan za su faɗa wa a ka, watau malamin aji 1. Wanda ya ji an ce ga na'ura mai koya wa yara baƙon harshe ba gajiya, ai dole ya kasa kunne.

Turawa na ce wa abin robot. Kalmar ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da Karel Capek, mutumin ƙasar Cek, ya rubuta a 1920, asalinta kuwa a harshensu aikin tilas. Mu kuma muka ce masa mutum-mutumi, sunan da mu ke kiran dodon tsumman nan da a ke kafawa a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Da farko na ga kamar sunan ya rage masa daraja, daga baya na ga ya dace da shi fiye da yadda na ke zato, za ku ga dalili nan gaba. Wanda aka fi kai wa makarantu sunansa NAO, wani kamfanin Faransa mai suna Aldebaran ya ƙera shi. Tsawonsa santimita 58, watau kamu ɗaya da ɗan ɗori. Yana da idanu na kyamara, da kunnuwa na makirufo, da gaɓoɓi 25 masu motsi, yana tafiya, yana zama, yana nuni da hannu. Kuɗinsa dubban daloli ne, batirinsa kuwa ba ya wuce sa'a ɗaya da rabi sai an mai da shi jikin wuta.

Ga yadda ya yi da aka kai shi aji. A ƙasar Japan wani masani, Takayuki Kanda, da abokan aikinsa sun ajiye wani irinsa mai suna Robovie a wata makarantar furamare har mako 2, suka buga labarin a 2004. Turanci kaɗai ya ke yi. An rataya wa kowane yaro wata 'yar alama wadda na'urar ke ganewa, har ta kan kira yaro da sunansa. Makon farko yara suka yi masa caa, ba masaka tsinke. Mako na biyu sai 'yan kaɗan ke zuwa wurinsa. Da aka gwada su, waɗanda Turancinsu ya ƙaru su ne 'yan kaɗan ɗin nan da suka ci gaba da hulɗa da shi bayan ɗoki ya wuce.

Duk wanda ya taɓa tsaron shinkafa a fadamar Kogin Yobe ya san wannan magana. Ran da ka kafa mutum-mutumi, jan-baki ba su sauka. Kwana uku, huɗu, sai ka tarar da su zaune a kafaɗarsa. Manomi mai wayo ya kan sauya masa riga, ya matsar da shi wani gefen, duk da haka sai ya aika yaro da gwangwani da majajjawa. Ashe yara ma haka su ke da baƙon abu.

Mutanen Koriya ta Kudu sun bi ta wata hanya. A ƙarshen 2010 an kai mutum-mutumi 29, masu siffar ƙwai, makarantu 21 na birnin Daegu. Yara na ganin fuskar Baturiya a jikin gilashin kansa, alhali mai maganar malama ce tana zaune a ƙasar Filifin, tana ganinsu tana sarrafa shi ta intanet. Wannan kam ko an kira shi na'ura, malami ne ya sa riga.

Gwajin da ya fi girma shi ne na ƙasar Holan, a ƙarƙashin wani shiri mai suna L2TOR wanda Tarayyar Turai ta ba kuɗi daga 2016 zuwa 2018. Paul Vogt na Jami'ar Tilburg da abokan aikinsa suka ɗauki yara 194, 'yan shekara 5 zuwa 6, don a koya musu kalmomin Turanci 34 cikin darasi 7, kalmomin ƙidaya, da na wuri irin su gaba da baya, da na motsin jiki. Aka kasa su huɗu. Kashi ɗaya NAO na koya musu yana kwatanta kalma da hannu, kashi ɗaya yana koya musu ba kwatance, kashi ɗaya aka ba su ƙaramar kwamfutar nan mai kama da allo wadda a ke taɓawa da yatsa, ba mutum-mutumi, na huɗu kuwa ba a koya musu kalmomin ba sam. Da aka buga sakamako a 2019, kashi ukun da aka koya wa sun fi na huɗu, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki shi ne tsakanin su ukun ba a ga wani bambanci ba. Allon kwamfuta shi kaɗai ya yi abin da mutum-mutumi mai tsada ya yi.

Ku lura kuma da wani abu. A gwajin nan yaro ɗaya a ke zaunarwa gaban na'ura ɗaya, a ɗaki mai shiru, ga babba a kusa. Ko da haka na'urar ba ta iya gane maganar yaran yadda za a dogara da ita, shi ya sa a ke sa su amsa ta hanyar taɓa allon. Muryar yaro siririya ce, haƙoransa na faɗuwa, ya kan fara kalma ya tsaya ya sake. Gaskiya ne tun daga 2022, da manhajoji masu hira irin su ChatGPT suka fito, na'urori sun ƙara baki da kunne ƙwarai. Amma har yanzu sun fi jin babba a kan yaro, sun fi jin mutum ɗaya a kan taro. Ku kawo shi ajinmu da hantsi a watan Afrilu, yara saba'in na magana gaba ɗaya, ƙura na shigowa ta taga, ku gani. Akwai kuma maganar harshen gida. A 2022 kamfanin Uniccon a Abuja ya fito da wata mutum-mutumi mai suna Omeife, aka ce tana jin Hausa da Yarabanci da Ibo da waɗansu. Madalla. Amma irin waɗannan na'urori da tarin rubutu da tarin muryoyi a ke horar da su, Badanci kuwa rubutunsa kaɗan ne, babban abin da mu ke da shi shi ne ƙamusun da Farfesa Russell Schuh da masana 'yan ƙasa suka fitar a 2004. Yarinyar da ta zo daga ƙauye da Badanci kaɗai a bakinta, in ta yi kuka, wa zai ji abin da ta ke cewa?

Akwai wani bincike da ba na mutum-mutumi ba, amma ya haska mini dukan sauran. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta ɗauki jarirai 'yan wata 9, waɗanda Turanci kaɗai a ke yi a gidajensu, aka riƙa kawo su wurin masu jin Sinanci suna yi musu wasa da hira har sau 12. Waɗansu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan a talabijin, waɗansu aka sa musu murya kaɗai. An buga wannan a 2003. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan Sinanci. 'Yan talabijin da 'yan murya kuwa kamar ba a yi musu kome ba. Jarirai ne, ba 'yan aji 1 ba, kada mu ja maganar ta wuce inda ta tsaya. Amma ta tuna mini yadda ni kaina na sami Turanci a makarantar mishan. Mun yi ta rera a, b, c da hadda, duk sun bi iska. Abin da ya zauna shi ne na wata malama da ta kan aike ni da Turanci, in kawo alli, in rufe ƙofa, in na kawo abin da ba shi ba ta yi dariya ta sake aikena.

To, da na kai nan sai na ce ashe ba abin da zan ɗauka daga mutum-mutumi. Sai na ci karo da gwajin Fumihide Tanaka na Jami'ar Tsukuba a Japan, na 2012, wanda ya juya abin. Maimakon a ce NAO ne malami, sai aka mai da shi daƙiƙin aji. A wata makarantar koyon Turanci ta yara 'yan shekara 3 zuwa 6, malama za ta faɗi kalmar aiki, shi kuwa ya yi abin da ba shi ba. Sai yara su taso su kama hannunsa su nuna masa yadda a ke yi, suna maimaita kalmar. Aka tarar kalmomin da suka koya masa sun fi zama a kansu. Dalili a fili ya ke. Yaron da ke tsoron buɗe baki kada a yi masa dariya, in ya ga wanda ya fi shi rashin sani sai tsoro ya sake shi. Kuma wanda zai gyara wa wani, dole ya fara riƙe daidai a ransa. A gwajin nan ma wani mutum ne a ɓoye ke sarrafa na'urar. Na ce, in dai daƙiƙi a ke nema wanda mutum ke motsawa, ai ba sai an je Faransa ba.

Na sami tsohon ludayi na yi kai da shi, na ɗaura tsohuwar safa baƙa inda hannuna zai shiga. Da na nuna wa Hedimasta ya ce, "Malam, kada ka yi shi da siffar mutum, akwai iyayen da ba za su so ba." Na gode masa, gama ban yi wannan tunani ba. Sai na sa masa ƙafafu 8 na karan dawa, ya zama Gizo. Wannan ya fi mini, domin ba yaron da bai san Gizo ba, kowa kuwa ya san shi da cika baki da kwaɓa abu.

Ga yadda darasin ya ke tafiya, minti 30. Kalma 4 kaɗai na ke ɗauka a rana, na abin da yaro zai gani ya taɓa. Ranar farko na zo da busasshen kifi ɗaya daga kasuwa, da kofi, da tabarma 'yar ƙarama, da hula. Gizo na cikin jaka, ba wanda ya san da shi. Na ɗaga kifi na ce, "This is a fish," sau uku, a hankali, na zaga da shi layi layi har na baya su gani su sansana. Ban fassara ba, kifin ya fassara kansa, wannan kuwa ya yi wa mai Badanci da mai Barbarci da mai Hausa daidai wa daida. Haka na yi da sauran ukun. Sa'an nan suka faɗa gaba ɗaya, sa'an nan layi layi. Wannan ya ci kamar minti 10.

Daga nan na fito da Gizo. Sai da na bari ihu ya kwanta, na ce musu da Hausa wannan baƙo ya ce wai ya fi kowa Turanci a Gashuwa, mu gwada shi. Na ɗaga kifi na ce, "Gizo, what is this?" Ya dube shi, ya dubi yara, ya ce, "This is a cap," ya kuwa ɗora kifin a ka. Aji ya kece. Na ce wa zai gyara masa? Hannu ya tashi ko'ina. Wanda na kira sai ya fito gaba, ya riƙe kifin, ya gaya wa Gizo. Gizo ya sake kwaɓawa, wani ya fito. Sai a karo na uku ya ke faɗin daidai, a tafa wa yaron da ya koya masa. A nan ne darasin ya ke, kada a yi masa rowar lokaci, ni minti 15 na ke ba shi. Sauran minti 5 Gizo ya koma jaka, yara su juya biyu biyu, ɗaya ya zama Gizo ɗaya ya zama malam.

Akwai wata yarinya a layin baya, daga wani ƙauye na bakin kogi aka kawo ta wurin gwaggonta, Hausarta ma ba ta nuna ba. Kwana 6 ban ji muryarta ba, ko sunanta na kira sai ta ɗaga hannu kawai. Ran da Gizo ya kira tabarma kifi har yana ƙoƙarin cinta, sai na ji daga baya an ce "mat" da ƙarfi, cikin fushi. Ita ce. Na yi kamar ban lura ba, na sa Gizo ya juya wajenta ya ce, "Mat?" Ta ce, "Mat!" Daga ran nan ba ta daina gyara masa ba.

Yanzu kurakuraina, don kada wani ya sake su. Gizo na tatsuniya tsamin baki gare shi, ni kuma don a yi dariya sai na sa shi ya riƙa cewa "pish". Kai, na yi da na sani. Da ma mu masu jin Hausa p da f na ba mu wahala, sai ga shi na shuka abin da hannuna. Mako guda yara na tsere a fili suna "pish, pish". Sai da na tsinko gashin kaza na riƙe gaban bakina, na nuna musu yadda ya ke tsalle in an ce p, ya kwanta a hankali in an ce f da haƙora bisa leɓe, kowa ya gwada da nasa, sa'an nan abin ya fara gyaruwa. Saboda haka Gizo ya ɓata ma'ana yadda ya ga dama, amma lafazinsa ya zama daidai kullum, gama yaro ba ya mance abin da ya ba shi dariya.

Na biyu, na riƙa fito da shi kowace rana, har a darasin lissafi. A mako na uku sai na ga jan-baki sun sauka a kafaɗarsa, ana hira a baya yana magana. Na ɓoye shi kwana 4, na ce ya tafi Nguru cin kasuwa. Da ya komo da 'yar jar hula da kalmomi sababbi a jakarsa, aka karɓe shi kamar ango. Tun daga nan sau 2 a mako ya ke fitowa.

Na uku malamin da ya zo duba ni daga Kwaleji ne ya nuna mini. Ya zauna a baya har aka tashi, sa'an nan ya miƙo mini takarda ya yi zane, ga layukan aji, ga ɗigo a kan duk wanda na kira. Ɗigon duk ya taru a layi biyu na gaba, wajen dama, inda hannuna mai Gizo ya ke. Ya ce, "Dariya ta kai baya, magana ba ta kai ba." Ya kuma tambaye ni kalma nawa suka riƙe. Na ce duka. Ya ce in gwada su ɗai ɗai ran Litinin, ba Gizo, ba amshi. Na gwada. Cikin kalma 8 na makon da ya wuce, yawancinsu sun nuna mini abu 5 ko 6 in na faɗi sunansa, amma in na ɗaga abin na ce su faɗa da bakinsu, da ƙyar a ke samun 3. Ji ya kan riga faɗa, haka ya ke ga kowane mai koyon harshe, amma ni amshin taro ya ruɗe ni na zaci sun iya. Tun daga ranar na ke ɗaukar yara 10 kowace Litinin in gwada su a bakin ƙofa, in rubuta a bayan littafin shirin darasi.

Abin da ban gwada ba shi ne aji 2 da aji 3, inda a ke son jimla mai tsawo da fara karatu, ban kuwa san ko Gizo zai yi aiki a ajin da yawancin yara Barbarci su ke ji ba. 'Yan'uwa da za a tura Nguru da Machina da Jakusko a zango mai zuwa, ina roƙon wanda ya sami hali ya gwada, ya riƙa rubuta abin da ya samu kowace Litinin, ya aiko wa Edita mu gwama da nawa. Gizon yana nan rataye a ɗakinmu, ƙafa ɗaya ta karye, wanda ke so ya ara sai ya zo da karan dawa.